Gishirin Keana a Hanyar Madurai

Tun da muka dawo daga Indiya ni da Mama ban huta ba. A ɗakin malamai, a ƙofar masallaci, har wurin mai gyaran babur ɗina, tambayar ɗaya ce: wai da gaske suna rawa a kan titi? Na ga 'yan fim? Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Ban ga mai rawa ko ɗaya ba. Jirgin ƙasa na gani, kuma a kansa nake son in yi magana, musamman saboda Bitrus.

Bitrus abokin aikina ne, tare muke koyar da lissafi a wata kwaleji a nan Lafiya, kuma shi ya laƙa mini sunan Sarkin Tasha. Dalili kuwa, da na koma karatun digiri na biyu, aikin da na zaɓa shi ne rubuta manhajar kwamfuta da za ta zaɓar wa matafiyi hanya a jirgin ƙasa. Kun dai san tashar jirginmu. Ciyawa ta cinye layin dogo, awaki ne fasinjojin. Da yake ba mu da jadawalin jirage da zan gwada aikin da shi, sai na samo na Indiya a shagon intanet, na yi watanni ina shigar da shi cikin tsohuwar laftof ɗina. Kullum na shigo ɗakin malamai sai Bitrus ya miƙe ya ƙame kamar soja.

"Ranka ya daɗe Sarkin Tasha! Abeg, yau ƙarfe nawa jirgin Keana zai tashi?"

Sai kowa ya bushe da dariya. Ni ma nakan yi, amma abin yana ci na a rai.

Aikin ba wani sihiri ba ne. Duk wanda ya taɓa sayen doya a kasuwar Lafiya ya san shi. Kana son babba, kana son mai araha, kana son wadda ba ta da rauni. Idan ka ga wata ƙarama ce, ga tsada, ga ruɓa, ba ka ɓata lokaci a kanta. Amma tsakanin babba mai tsada da matsakaiciya mai araha, babu wadda ta ka da wata, sai dai mai saye ya duba gidansa ya zaɓa. Haka manhajar take yi da hanyoyi. Tana auna lokacin isa, da kuɗin tikiti, da yawan canjin jirgi, ta watsar da duk hanyar da wata ta fi ta ta kowace fuska, ta bar maka 'yan kaɗan. Waɗannan ukun su ne a littattafai. Ni sai na ƙara na huɗu: ratar da ke tsakanin saukarka daga jirgi ɗaya da tashin na gaba. Malaman da suka duba aikin sun ce ƙari ne marar amfani, jadawali ai jadawali ne. Na kafe. Wanda ya taɓa tasowa daga Keana da nufin ya riski motar Jos a Lafiya ya san cewa hanya ba ta karanta takarda.

Sai ga maganar idon Mama. Mahaifiyata ta tsufa a kan dafa gishiri a Keana, ita kuma ta yarda hayaƙin tukunya ne ya ci mata ido. Na hagu ya riga ya mutu. Na dama kuwa yanar ido ta rufe shi, har ba ta gane fuskata sai ta murya. Likitan da ya duba ta a Jos ya ce akwai wata matsala a bayan idon ban da yanar, kuma da yake shi kaɗai ya rage ba zai taɓa shi ba. Shi ya haɗa mu da wata likita a garin Madurai, can kudancin Indiya. Ta ba mu safiyar wata Alhamis a daminar 2008, ta kuma faɗa a fili cewa bayan ranar za ta yi doguwar tafiya. Likitan Jos ya ja ni gefe ya ce idon ba zai jira dawowarta ba.

Muka bar Lafiya a tasi ta Akwanga da Keffi, Mama na gaba, ni da jarkar manjan wata mata a baya. Daga Abuja zuwa Legas, daga Legas zuwa Adis Ababa, daga nan Mumbai. Mama ba ta taɓa shiga jirgin sama ba. Kunnenta ya toshe, ta ƙi taɓa abincinsu, ta riƙe mini hannu har ya yi tsami.

"Agbo, wannan mota shi ba ya tsayawa mutum ya miƙe ƙafa ne?"

"Mama, a sama muke."

"To in Allah ya sauke ni ƙasa, kar ka sake sa ni ciki sai na komawa gida. Ka ji ni o."

Na ce na ji. Ban damu ba, don tun daga gida na tanadi tikitin jirgin ƙasa da zai ɗauke mu daga Mumbai ranar Litinin da azahar ya dire mu Madurai, babu canji ko ɗaya.

Mun sauka da hantsi. An duba fasfo, an duba katin rigakafi, komai lafiya. Sai wurin binciken kaya. Jami'in ya buɗe akwatin Mama, ya ɗaga zannuwanta, ya zaro wani ƙunshi a naɗe cikin leda, leda cikin ɗankwali. Ya warware. Farin gari, fal. Ya dubi garin, ya dubi koren fasfona, ya sake duban garin.

"Mama, mene ne wannan kika sa a kaya?"

"Gishiri ne mana. Na likita. Kai za ka je wurin mai magani hannu banza?"

A wurinmu ba a zuwa neman lafiya wurin mutum ba tare da an riƙe masa wani abu na gida ba, kuma macen Keana ba ta san wata kyauta da ta wuce gishirinta ba. Ta ɓoye mini ne don ta san zan hana. Na yi wa jami'an bayani da Turanci har gumi ya jiƙa mini riga. Mama ta laluba ta ɗibi kaɗan ta lasa, ta miƙa wa babbansu tana cewa ya ɗanɗana. Mutumin ya ja da baya kamar an nuna masa maciji. Ba su wulaƙanta mu ba, gaskiya, har shayi suka kawo wa Mama. Amma sun ce sai mai gwaji ya zo, mai gwajin kuma bai zo ba sai bayan la'asar. Ya ɗiga wani ruwa, ya jira, ya yi murmushi, ya ce gishiri ne mai kyau. Suka naɗe mana abinmu suka ba mu haƙuri. Jirginmu kuwa ya daɗe da barin gari.

A cikin tasin da ya fito da mu na mayar da fuskata taga, haushin Mama na ci na. Ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Ban taɓa ganin mutane da yawa haka ba, kowa da laima, ga shanu kwance a tsakiyar titi motoci na kauce musu. Na ce a raina da Bafulatanin Lafiya zai ga wannan da ya yi kuka. Direban ya kai mu wani ƙaramin masauki kusa da tasha. Mai gidan, Malam Salim, Musulmi ne mai jan gemu, ya nuna mana alƙibla, ya aika aka kawo mana shinkafa da naman akuya mai yajin da ya sa ni hawaye. Mama ta cinye tas, ta ce gishiri ne kawai bai ji ba.

Da na faɗa wa Malam Salim halin da muke ciki, ya ce mu bi jirgin sama. Guzurinmu ba zai kai ba, ga kuma rantsuwar Mama. Sai na jawo laftof na ajiye a kan teburinsa. Shekaru ina wasa da garuruwan nan a kan allo kamar 'ya'yan dara, yau ga idon uwata a kansu.

Na fara zuwa tasha don in san jiragen da suka cika. A nan na yi abin kunya. Na tambayi mai sayar da tikiti ko akwai wuri a jirgin safe, sai ya karkaɗa kai hagu da dama. Na ɗauka babu ke nan, na fice daga layi. Wani dattijo ya biyo ni yana dariya ya ce a wurinsu haka ake cewa i. Na koma ƙarshen layi na sake bi. Da na dawo masauki na cire cikakkun jiragen, na ce wa manhajar daga Mumbai zuwa Madurai, kafin safiyar Alhamis. Ta yi ɗan nazari, ta watsar da hanyoyi barkatai, ta bar uku.

Ta farko ta bi bakin teku, ta fi araha, amma canji biyu ne. Sauran biyun duka jirgi ɗaya ne zuwa Chennai, a tashi Talata da safe a isa Laraba da hantsi. Bambancin yana can. Ko mu kama jirgin rana da ke tashi jim kaɗan bayan saukarmu, mu kwana a Madurai mu huta, ko mu zauna a tasha yini guda mu jira na magariba, wanda zai kai mu da asubar Alhamis ɗin kanta. Da ma'auni ukun littafi kaɗai na yi aiki, da wannan ta ƙarshe ba ta ma fito a allo ba, don ta rana ta fi ta sauri, kuɗinsu ɗaya, canjinsu ɗaya. Ratar ce kaɗai ta tsayar da ita.

Malam Salim ya dangwala yatsa a kan ta rana.

"Wannan za ka ɗauka, ɗan'uwa. Wa ke kai marar lafiya asibiti a ranar aiki kai tsaye daga tasha? Jiragenmu suna da lokaci."

Maganarsa gaskiya ce, shi ya sa ta dame ni. Amma na dubi ruwan da ke zuba a waje, na tuna cewa jirgin da ya yi kwana yana tafiya shi ke tara latti, wanda zai fara tashi daga tasharsa kuwa yakan tashi a kan lokaci. In muka rasa na rana, babu sauran wuri a ko'ina. Manhajar ta gama nata aikin, zaɓi na mai idon ne. Na zayyana wa Mama duka ukun.

"Wanne ne ba za ka ja ni da gudu ba?"

"Na magariba. Amma za mu yi zaman jira yini guda."

"Jira? Ni da nake jiran tukunya ya ƙone tun kafin a haife ka? Sayo wannan."

Talata da safe muka shiga. Jama'a, wannan shi ne jirgi. Na tsaya a dandamali ina neman ƙarshensa ban gani ba. An manna sunayen fasinjoji a jikin kowane tarago, na ga nawa da na Mama, an ɓata rubutun amma mu ne. Gadajen da aka ba mu na sama ne, Mama kuwa ba za ta iya hawa ba. Wata tsohuwar malamar makaranta, Madam Kamala, ta dube mu sau ɗaya ta tattara kayanta ta bar wa Mama na ƙasa. Kafin azahar sun zama ƙawaye. Ita tana Tamil, Mama tana yarenmu na Alago da Hausa, kowa na gyaɗa kai. Ta buɗe jerin kwanoninta ta zuba mana shinkafa da kindirmo da wata miyar wake mai tsami. Mama ta kwance ƙunshin da ya jawo mana masifa ta barbaɗa mata kaɗan. Madam Kamala ta ɗanɗana ta zaro ido.

"Wannan mata ya san abinci," in ji Mama. "Faɗa masa na gode."

Duk tashar da muka tsaya sai masu talla su cika taga, mai shayi, mai ayaba, mai wani ƙosai da rami a tsakiya. Mama ta kasa kunne. Can ta ce haka tashar Lafiya take a da, lokacin da take kawo gishiri tana budurwa, jirgin Fatakwal na tsayawa ana rububi. Ban taɓa jin ta faɗi wannan ba.

A kujerar gefe akwai wani ɗan kasuwa mai sayar da injin ban ruwa, shi ma Madurai za shi, kuma tikitin jirgin rana ne a aljihunsa. Da ya ji nawa na magariba ne, sai ya yi mini irin kallon da Bitrus ke yi mini. Ya ce mutanen Afirka ba ku san darajar lokaci ba. Na haɗiye, na ce haka ne.

Laraba da safe na farka na ji shiru. Jirgin na tsaye a tsakiyar gonaki, ruwa ya shafe ko'ina, an ce ya hau kan layi a gaba sai ya janye. Hantsi ya yi, muna nan. Rana ta take, muna nan. Ɗan kasuwar ya duba agogo, ya tashi, ya zauna, ya buga waya, ya dafe kai. Lokacin tashin jirgin rana ya zo ya wuce muna kallon wani manomi yana korar ɓauna. Ban yi masa dariya ba, Allah ya sani. Yinin da na tanada yana narkewa a gabana. Mama ta ji yadda nake sauke numfashi.

"Agbo, abin naka ya yi ƙarya ne?"

"Bai yi ba tukuna, Mama."

"To zauna. Kana sa ni jiri."

Sai bayan azahar muka motsa. Muka shiga Chennai rana ta yi ja, sannan ga wani abin da na sani a kan allo amma ban san nauyinsa ba: jirgin Madurai ba daga wannan tashar yake tashi ba, sai an tsallaka gari zuwa wata. Madam Kamala ta kira mana ɗan dako mai jar riga, ya ɗora akwatunanmu a ka ya yi gaba. A waje na gwada ɗan Indiyancin da na tsinta a fim, direbobin suka yi mini kallon mahaukaci, ashe a kudu ba shi suke ji ba. Madam Kamala ce ta yi mana ciniki, ta rungume Mama, ta tura mu cikin wani abin hawa mai ƙafa uku. Da direban ya ta da injin sai Mama ta yi zumbur.

"Keke napep! Agbo, mun dawo Lafiya ne?"

Shi ne kuwa, har da yadda yake kutsawa tsakanin motoci ba sallama. Ashe daga can aka kawo mana shi.

Muka isa tasha ta biyu ana ta sanarwa. Jirginmu na can ɗaya gefen, sai an hau gadar sama mai matakala da yawa an sauka. Mama ta taka biyu ta tsaya, ƙafarta na laluben na gaba, mutane na ture mu. Na duba agogon tasha. Sai kawai na durƙusa a gabanta.

"Mama, hau."

"Kai, a gaban mutane?"

"Ba su san mu ba. Hau."

Na goya ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Mutane suka dare mana hanya, wani ya karɓi jakar laftof ya bi mu da ita a guje, wata mata tana tafa hannu. Mama kuwa tana bayana tana faɗa a kunnena cewa na yi mata alkawarin ba gudu. Muka faɗa cikin tarago, na zaunar da ita, ban gama mayar da numfashi ba na ji ƙasa ta fara tafiya. Na fashe da dariya har da hawaye. Na so a ce malaman da suka ce jadawali jadawali ne suna wurin, da Bitrus a gabansu.

Da asuba muka sauka Madurai, a kan lokaci daidai. Muka yi salla a tasha, muka karya da wata farar waina mai laushi a kan ganyen ayaba, muka wuce asibiti. Likitar wata 'yar siririyar mace ce mai furfura. Kafin ta taɓa ta, Mama ta sa na kwance ƙunshin, ta miƙa mata da hannu biyu. Na ba da labarin abin da gishirin ya ja mana, likitar ta yi dariya har ta cire tabarau, sannan ta karɓa da hannu biyu ita ma. Da hantsi aka shiga da Mama ɗakin tiyata.

Washegari aka cire bandeji. Na tsaya a gabanta. Ta ƙifta, ta ƙifta, hawaye na zuba, ta daɗe tana kallona.

"Agbo, yaushe ka yi furfura?"

Na fita baranda na yi kuka kamar yaro.

Mun ɗan zauna har likitocin suka yarda ta hau jirgin sama. A hanyar komawa Mumbai, da muka zo gadar nan ta Chennai na miƙa mata hannu, ta buge shi, ta haye abinta tana kallon kowa da komai, har tana nuna mini wata saniya da ta ce ta rame.

Da muka iso Lafiya Bitrus na cikin waɗanda suka zo sannu da zuwa. Ya fara ƙamewa zai yi abin nasa, sai Mama ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Kai ne Bitrus? Muryarka ya fi ka girma. Kira shi Sarkin Tasha da kyau, ka cire hula."

Ya cire kuwa. Kafin in mayar da ita Keana ta ce in kai ta tsohuwar tashar jirgi. Na goya ta a babur muka je da yamma. Ta tsaya a kan dandamali ta dubi ciyawar, ta dubi awakin, ta nuna mini gindin bishiyar da take ajiye kwandonta. Sannan ta bi layin dogon da ido har inda ya ɓace.

"Ka ajiye abin nan naka da kyau, kar ya lalace," ta ce. "Ranar da jirgi ya dawo, ni zan zaɓi hanya."